Malam Shitu Jikin-Wa

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin shan magani na Kibiya a zamanin Malam Shitu ya san tambayarsa ta farko. Kafin ka gama zama a kan benci, sai ya leƙo ka ta saman tabarau ya ce, "To, jikin wa muke dubawa yau?" Mutum ya zo da ƙafa a kumbure yana ɗingishi, kowa na ganin abin da ya kawo shi, amma sai an tambaye shi jikin wa. Wasu su yi dariya, wasu su ji haushi. Da haka suna ya bi shi, Malam Shitu Jikin-wa, har yara suka tashi suna zaton sunan garinsu ne. Masu dariyar nan ba su kyauta ba, don ba su san yadda aka yi tambayar ta shiga bakinsa ba.

Mutumin Lausu ne, ɗan manoma, kuma ɗan fari a wurin uwarsa Khadijatu. A ɗakin kakarsa ya tashi, kamar yadda aka saba yi wa 'ya'yan fari. Ya yi elementare a Rano, ya wuce midil a Kano, daga nan aka ɗauke shi makarantar koyon aikin likita a can Kanon. Wajen hadda babu kamarsa. Ƙasusuwan jikin mutum kaf yana jero su kamar mai karanta Fatiha. Amma da zarar an kai shi gaban maras lafiya na gaske, sai komai ya kwance masa.

Likitan da ke koyar da su Bature ne mai gajen haƙuri, kuma abu biyar yake nanata musu kullum: ka tambaya, ka duba da ido, ka taɓa da hannu, ka ƙwanƙwasa da yatsa, ka saurara da kunne. Ukun farko Shitu yana lallaɓawa. Na huɗu da na biyar su ne suka zame masa ƙarfen ƙafa. In ya ɗora yatsa a haƙarƙarin mutum ya ƙwanƙwasa, duk sauti ɗaya yake ji. In ya sa abin awon ƙirji a kunne, 'yan ajinsu su ce ga ruwa a huhu, ga ƙara, ga kaza, shi kuwa ba ya jin komai sai shuu, shuu, da bugun jinin kunnensa. Yakan gyaɗa kai dai don kada a ce.

A jarrabawar shekarar 1960 asirinsa ya tonu. Likita ya ce masa ya tafi ƙauye wata uku ya yi ta duba mutane, in ya dawo kunnen bai buɗe ba, to, ya nemi aikin akawu. Ya kuma ja masa kunne da doka guda: abin da bai gani ba, bai taɓa ba, bai ji ba, kada ya rubuta shi, kada ya ba da maganinsa. Allurar fanisilin musamman, wadda ake kawowa 'yar kaɗan a kulle a kabad, ba a fasa ta sai an ji ciwon da kunne.

Aka tura shi Kibiya ƙarƙashin wani tsohon disfensa, Malam Isiyaku, a tsakiyar damina. Kwanansa tara da zuwa, tsohon ya zame da keke a bakin rafi ya karya ƙafa, aka kwashe shi zuwa gidansa a Rano. Aka bar Shitu da makullai, da wata tsohuwa mai shara, da kunnen da shi kansa bai yarda da shi ba.

Ranar kasuwa wata Bafillatana ta shigo. Ta sauke ƙwaryar nono a bakin ƙofa, ta zauna a gefen benci, ta ce sunanta Lubabatu, daga wata ruga take a bayan Fammar. Za ta yi shekara arba'in da biyar, doguwa, ba ta da jiki amma da ganinta ka ga mai ƙarfi.

"Inna, me ke damun ki?" in ji Shitu.

"Zazzaɓi ne, Malam, yau kwana biyar, da rawar ɗari. Ga tari. In an ja numfashi, nan wajen sai ya soke kamar an caka wuƙa." Ta dafa haƙarƙarinta na dama. "Kakin kuwa ja-ja, kamar tsatsa."

Murna ta kama Shitu. Wannan ai shafin littafinsu ne aka karanto masa, ciwon huhu sak, ba ragi ba ƙari. Ya ce a ransa yau kam ko kurma ne shi sai ya ji wani abu. Ya yi mata sauran tambayoyi bi da bi. Miji ya rasu shekara shida. 'Ya'ya nawa? Ta ce huɗu, ta faɗi sunayensu. Ya rubuta. Ya kira tsohuwa mai shara ta tsaya kusa, ya fara awo.

Ya sa mata ma'aunin zafi a hammata, ya zaro, jiki ba zafi. Ya yarfe shi ya sake sawa, haka dai. Ya kama wuyan hannunta yana kallon agogo, bugu saba'in da shida, na mai lafiya. Ya ƙwanƙwasa bayanta dama da hagu, bai ji bambanci ba. Ya saurara, shuu, shuu. Ya ce ta yi tari, ta yi wani ɗan tari na ladabi irin wanda ake yi kafin a shiga zauren mutane.

"Inna, a ƙasa kika zo daga Fammar?"

"A ƙasa."

"Da ƙwaryar nan a ka?"

"To wa zai ɗaukar mini?"

Shitu ya tsaya da abin awo a wuya. Ko dai matar nan lafiyarta lau, ko kuma ciwon na nan yana cin ta shi ne bai iya jin sa ba. In na biyun ne, to, mutuwa za ta yi a hannunsa, fanisilin na kabad taku uku daga inda take zaune. Ya tuna dokar likita. Ya zuba mata ruwan tari a kwalba, ya ƙulla mata ƙwayar zazzaɓi a takarda.

Ta karɓa, amma ba ta tashi ba. "An ce akwai allura."

"Akwai, sai dai ba a yin ta haka nan."

"A zuba mini ita a kwalba mana, in tafi da ita gida."

Har tsohuwa mai shara sai da ta ƙyalƙyale da dariya. Shitu ya yi mata bayani cewa allura ba a shan ta. Ta saurare shi har ya gama, ta ɗauki ƙwaryarta ta fita.

Wata kasuwar ta dawo. Ta ce abin ya yi gaba. Ba a iya kwanciya ta ɓangaren hagu, abinci ba ya shiga sai ɗan kindirmo, zazzaɓi in ya taso har sambatu ake yi.

"Wa ya gaya miki kina sambatu?"

"Ni na ji da kunnena."

"Kina sambatun kina ji?"

Ta kawar da kai. Can ta ƙara da cewa shanu ma yanzu an daina bin su. Shitu ya ɗago ya dube ta, don bai taɓa jin mace mai shekarunta na bin shanu daji ba, amma ya ce a ransa kowace ruga da tsarinta. Ya sake awo tun daga farko, ya daɗe a kai har masu jira a waje suka fara gunaguni. Ido garau, harshe garau, jiki ba zafi. Ya cika mata wata kwalbar.

A makon nan Shitu ya zama abin kallo. Duk wanda ya shigo, ko ƙaya ce ta soke shi a ƙafa, sai an saurari ƙirjinsa. Ya saurari nasa, ya saurari na tsohuwa mai shara har ta ce ita fa ta gaji da ɗaga mayafi. An ma ce an gan shi ya danne tunkiyar maƙwabta ya kafa mata abin awo, kuma da aka tambaye shi daga baya bai musa ba. Da abin ya ishe shi ya hau keke ya tafi Rano wajen Malam Isiyaku, ya same shi kwance da ƙafa a ɗaure da karare, ya karanta masa duk abin da ya rubuta.

"Kai yaro ne," in ji tsohon. "Mutanenmu da son allura. Ƙara mata ɗaci a ruwan tarin, za ta daina zuwa." Ya sosa gemu. "Ko kuwa kunnen naka ne dai har yanzu?"

Ya dawo Kibiya da ruɗun da ya fi wanda ya tafi da shi.

A zuwa na uku Lubabatu ba ta zo da nono ba. Ta zauna, ta miƙa masa hannu da kanta, don ta riga ta haddace tsarin. Yana riƙe da hannun ta fara magana. Ta ce gefen ya kumbura, numfashi sama-sama, gumi kamar an watsa ruwa, ƙafa ba ta ɗaukar jiki. Shitu na ƙirga bugun jininta sai ya ji ya haura ɗari da goma. Da ta yi shiru ya sauko. Ya ce ta maimaita, ta maimaita, ya sake hawa. Ya duba gefen da ta ce ya kumbura, ba kumburi. Wannan wane irin ciwo ne da ke tashi in ana ba da labarinsa, ya kwanta in an yi shiru? Babu shi a littafi ko ɗaya da ya haddace.

Nan ya yanke shawarar karya doka. Gara likita ya kore shi da a ce matar nan ta mutu saboda kunnensa. Ya buɗe kabad, ya tafasa sirinji, ya fasa kwalbar fanisilin, ya zuƙo.

"Inna, ga allurar da kike nema. Juyo."

Ta miƙe zumbur ta ja da baya har ta bangaji benci. "A'a, Malam! Kada a ɓata ta."

"A ɓata ta kamar yaya? Ba ke kika roƙe ta ba?"

Ta dubi tsohuwa mai shara, ta dubi mutanen da ke leƙe ta taga, ta sunkuyar da kai. Ta ɗauki kwalbar ruwan tari daga kan tebur ta fice. Aka bar shi tsaye da sirinji a hannu, kunya da haushi sun cika shi, ya rasa wanda zai ji wa haushin, ita ko kansa.

Ranar Alhamis ya rubuta wa likita takarda cewa ya haƙura da karatu, a ba wani gurbinsa. Bai aika ba tukuna, ya sa ta a aljihu ya hau keke zuwa Lausu don ya fara gaya wa mutanen gida. Ruwa ya kama shi a hanya ya yi masa dukan tsiya. Ya isa yana atishawa, kafin gari ya waye tari ya sarƙe shi.

Uwarsa Khadijatu, tun da aka haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. In ya gaishe ta, takan amsa tana kallon murhu. In za ta ba shi abinci, sai ta ce wa ƙanwarsa Lami, "Kai wa wancan." Shitu bai taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba, kunyar ɗan fari ce, kowa da ita ya tashi. Da hantsi yana zaune a ɗakin kakarsa yana tari, sai ya jiyo muryar uwar ta bayan danga tana magana da maƙwabciya.

"Ko kina da sauran sassaƙen nan na tari? Tun jiya nake fama, ƙirjina kamar zai tsage."

Shitu ya kasa kunne. Lafiyarta ƙalau, da asuba ya ji ta tana daka. Ba a jima ba Lami ta shigo da ƙoƙo yana tururi, ta dire a gabansa.

"Inna ce ba lafiya?" ya tambaye ta.

Lami ta yi dariya. "Kai Yaya, sai ka ce baƙo. To ta ce wa mutane ɗanta na fari ne ke tari? Da wane bakin?"

Ya zuba wa ƙoƙon ido. A zuba mini allura a kwalba. Ni na ji sambatun da kunnena. An daina bin shanu. 'Ya'ya huɗu, kuma wace uwa ce a ƙasar nan take sa ɗan fari a lissafi in baƙo ya tambaye ta? Shi da aka yi wa wannan kunyar shekara ashirin da uku, shi ne ya zauna mako uku yana ƙwanƙwasa bayan mace mai lafiya. Ya tashi ko sassaƙen bai sha ba.

Ya biya Kibiya ya ɗauki akwatin allura, ya kama hanyar Fammar cikin taɓo, inda keke ya ƙi tafiya ya saɓa shi a kafaɗa. Bayan la'asar ya isa rugar. Wani dattijo da ake kira Kawu Lado, ƙanen mijin Lubabatu, ya tare shi da maraba. Shitu ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba.

"Kawu, Inna Lubabatu tana da ɗan fari?"

"Ramalan? Yana ciki. 'Yar gajiya ce ta kama shi."

"Tun yaushe?"

Dattijon ya ƙirga da yatsu. "Ya kusa wata. Mun ce a kai shi gari ya ce lafiyarsa lau. Ka san mu, namiji ba ya cewa wayyo."

Ramalan saurayi ne mai shekara kamar ashirin da shida. Da ya ga baƙo sai ya yunƙura ya zauna, ya gyara riga, ya ce lafiya lau, sai godiya. Kalma uku yake yi ya tsaya ya nemi iska. Shitu ya roƙe shi ya tuɓe rigar. Ya duba da ido: ɓangaren hagu na hawa yana sauka, na dama ya tsaya cik, ya cika ya yi sumul. Ya taɓa, jikin kamar garwashi. Ya ɗora yatsa a hagu ya ƙwanƙwasa, ya ji sauti kamar na ƙwaryar da ba komai a ciki. Ya koma dama ya ƙwanƙwasa, dum, kamar ya bugi bangon ƙasa. Ya sa abin awo. A hagu iska na shiga tana fita. A dama shiru.

Ashe kunnensa lafiya lau. Ashe abin da ya yi ta ji a bayan Lubabatu huhu ne mai lafiya, kuma daidai ya ji shi. Wani daɗi ya taso masa, nan da nan ya koma kunya, don ya san ma'anar shirun nan. Ciwon ya wuce huhu, mugunya ta taru ta cika gefen. Da ya ɗago, ta ƙofar bukka ya hango Lubabatu ta ba su baya, tana ta wanke wata ƙwarya da ba ta da datti.

Ya yi masa allurar nan take, ya kwana a rugar ya ƙara masa wata da safe. Aka ɗora shi a kan takarkari zuwa bakin hanya, aka samu motar gyaɗa mai zuwa Kano. Kawu Lado ya bi shi, da wata sabuwar takarda da Shitu ya rubuta wa likitan da ke koyar da su, wadda ya zayyana abin da ya gani da abin da ya taɓa da abin da ya ji. Uwar ba ta raka su ko bakin shinge ba. Ta dai ba Kawu Lado bargo ta ce ko zai ji sanyi a mota, kuma kowa ya san ba don shi ta bayar ba.

Bayan kwana tara Kawu Lado ya dawo shi kaɗai, da bargon a naɗe. An zuƙe mugunyar, in ji shi, har kwano biyu, amma jikin ya riga ya gaji. Ramalan ya rasu a kwana na shida, an binne shi a can. Ya miƙa wa Shitu amsar likita. Layi uku ne. Duk abin da ya rubuta daidai ne, ko shi likitan iyakar abin da zai samu ke nan, ya dawo makaranta ya ci jarrabawarsa. Shitu ya karanta, ya ninke, ya sa a aljihun da takardar barin karatu take. Ya koma ya gama karatun, kuma da aka tambaye shi inda yake so a tura shi ya ce Kibiya. Shekara talatin da ɗaya ya yi a wurin.

Amma kafin ya koma Kano, a makon da 'yan makaranta ke ta koyon maci saboda bikin samun mulkin kai, Lubabatu ta sake zuwa ranar kasuwa. Ta jera kwalabe uku a kan tebur, an wanke su tas. Idonta a bushe. Ɗan fari ba a yi masa kuka a gaban mutane, kuma ba ta yi ba, ko a ruga. Shitu ya so ya yi mata ta'aziyya, ya rasa yadda zai yi ba tare da ya ambaci wanda ba ta iya ambata ba. Ya so ya ce ta yafe masa. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Inna, jikin wa muke dubawa yau?"

Ta zauna a gefen benci, ta miƙo hannu.

"Yau kam nawa ne, Malam." Ta dafa tsakiyar ƙirjinta. "Nan ne. Ba ya bari in ci, ba ya bari in kwanta."

Ya kira tsohuwa mai shara ta tsaya kusa. Ya duba, ya taɓa, ya ƙwanƙwasa dama da hagu, ya saurara. Iska na shiga tana fita, babu abin da ya taɓa huhun. Ya san hakan tun kafin ya fara, amma bai cire abin awon daga bayanta ba. Ya ce ta ja numfashi, ta ja. Ya ce ta sake. A na ukun numfashin ya karye a tsakiya, kafaɗunta suka fara rawa. Shitu ya yi wa tsohuwa alama ta rufe taga, ya ci gaba da riƙe abin awon a inda yake, don duk wanda ya leƙo ya ga awo ake yi.